Gyaran inshorar lafiya zai kai ɗana gaban ƙwararren likita?

Tambayar ta fito daga wani tela a unguwar Birni, nan cikin Damagaram. Ɗansa mai shekara 6 yana da amosanin jini, wato sikila. Kafin yaron ya cika biyar ba a karɓar kuɗin ganin likita a hannunsa, yanzu kuwa komai sai ya sa hannu aljihu, ga shi an ce masa wataƙila sai an kai yaron Yamai wajen ƙwararru. Ya ji a rediyo ana ta maganar inshorar lafiya ga kowa da rage kuɗin asibiti, shi ne yake son ya san ko wannan gyara zai amfani yaro irin nasa.

Malam, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya mai ɗorewa. Na daɗe ina aikin lissafi da takardun biyan kuɗi a asibitocin gwamnati, don haka ta wannan ƙofar zan shigo maka. Abin da ya shafi magani kuwa, maganar likitan da ke duba yaron tana gaba da tawa.

Za ka ga sauƙi, amma sauƙin daga ƙasa yake farawa, wajen ganin likita da awon jini da kuɗin gado. Ƙofar ƙwararru ita ce ta ƙarshe da yake isa. Dalili kuwa, takardar da ke hannunka, kati ne ko doka, ba ita ke sayen magani ba. Wanda ya yi alkawarin biyan asibiti a madadinka shi ke saye, in ya biya, kuma in ya biya a kan kari. Duk gyaran da ka ji ana shela, ka fara tambayar wa zai biya asibitin, kuma yaushe.

Rediyo kan haɗa abubuwa da yawa wuri guda, bari mu rarraba su. Har yanzu Nijar ba ta da inshora guda da ta game kowa. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar ɗaukar nauyi: baitulmali ya biya masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibitin gwamnati, shi ya cika sauran. Sojoji da ma'aikatan wasu manyan kamfanoni suna da asusun taimakon juna nasu, masu hali kuma suna sayen asirans a kamfanoni masu zaman kansu. Ita CNSS, asusun ƙasa na kare ma'aikata, da wasu ke ɗauka inshorar jinya ce, aikinta fansho ne da kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki. Tela da manomi da mai tebur a kasuwar Dole ba sa cikin ko ɗaya daga waɗannan. Abin da ya taɓa sauka har ƙofar gidansu shi ne kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, da aka yanke a 2006 zamanin Tandja Mamadu, sai kuma rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi wanda ya soma aiki ranar 1 ga Satumba 2024. Maganar lafiya ga kowa kuwa shiri ne na shekara 10, daga 2021 zuwa 2030, kuma har yanzu gini ake.

Kyautar 'yan ƙasa da biyar ita ce babbar makarantarmu, don kusan shekara ashirin ke nan muna ganin amfaninta da cikas ɗinta. Kafin ta, tun dokar 1995 da ta biyo bayan shirin Bamako na 1987, kowace CSI, wato ƙaramin asibitin gari ko unguwa, da kuɗin marasa lafiya take sayo magani. Ka biya, kuɗin ya shiga akwati, kwamitin gari ya ƙirga, a je a sayo wani maganin. Da kyauta ta zo sai aka ce wa manjo, shugaban CSI: duba yaro, ba shi magani, ka rubuta, gwamnati za ta mayar maka da dala ɗari a kan kowane yaro. Iyaye mata suka yi ta tururuwa, kuma rayuka sun tsira. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ba kyautar kaɗai ta yi wannan aiki ba, akwai gidan sauro da bitamin A da ƙananan ɗakunan shan magani da aka baza ƙauyuka, amma tana cikin manyan dalilai.

Matsalar ta ɓullo ne wajen mayar da kuɗin. Takardar wata-wata sai ta tashi daga CSI ta je gunduma, daga nan ofishin lafiya na jaha, daga nan ma'aikatar lafiya a Yamai, sannan ma'aikatar kuɗi, sannan baitulmali. A kowane tebur tana iya kwana, ko a dawo da ita saboda sa hannu guda ya ɓace. Bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa, wasu takardun suka shekara, wasu suka zarce. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai sun bi diddigin wannan al'amari sosai, mu kuma a kan kantocin magani muka gan shi. Na taɓa tsayawa a ɗakin yara na wani asibitin gunduma, wata uwa ta miƙo mini takardu biyu in karanta mata. Ta farko an buga mata hatimin kyauta. Ta biyu ordonas ce mai layi huɗu: allurar seftriyazon, ledar ƙarin ruwa, bututun da ake sa wa a jijiya, da safar hannu. Ganin likita da gado kyauta ne, gaskiya ne, amma duk abin da zai shiga jikin yaron sai ta fita bakin titi ta sayo a farmasi.

Wannan jinkiri ya fi yi wa babban asibiti illa fiye da CSI, kuma nan ne tambayarka take. Yaron da ya zo CSI da zazzaɓin cizon sauro, abin gwajinsa da maganinsa galibi daga masu tallafi na waje suke zuwa, saboda haka ko ba a biya manjo ba zai iya lallaɓawa. Yaron da aka turo babban asibiti kuwa tsadarsa daban ce. Yana shan iskar oksijan dare da rana. In za a ƙara masa jini, ko da ɗan'uwa ne ya bayar kyauta, sai an sayi leda, an gwada jinin don sida da ciwon hanta iri biyu da tunjere. Ga ruwan sinadarin da injin awon jini ke sha, ga man janareto in wuta ta ɗauke, ga gyaran injin hoto wanda sau da yawa sai an kira mai gyara daga nesa. Masu kawo waɗannan kaya 'yan kasuwa ne, ba sa ba da bashi har abada.

Kai tela ne, za ka fi kowa gane wannan. A ce an ba ka kwangilar ɗinki, aka yanke maka kuɗi ɗaya a kan kowace riga, taguwar yaro ce ko babbar riga mai aska takwas, kuma ba za a biya ka ba sai baɗi, zare da yadi duk daga aljihunka. Za ka ɗinka taguwoyin, amma in mai babbar riga ya zo za ka ce ya sayo zarensa, ko ka nuna masa wani shago. Asibitin da ake biya ƙayyadadden kuɗi a makare haka yake yi da yaro mai ciwo mai wuya. Ba mugunta ba ce, akwatin ne ba ya ɗauka.

Ana iya yin abin ta wata hanya. Da Burkina Faso ta soma tata kyautar a 2016, sai ta riƙa zuba wa asibitoci kuɗi tun kafin aiki, daga baya a zo a yi lissafi a daidaita. Su ma sun sha jinkiri daga baya, amma tsarin ya fi namu na farko hankali. A nan Nijar an kafa cibiyar INAM don ta riƙa tantance takardun kyauta tana biyan asibitoci, a gajarta waccan doguwar hanya. A wurina wannan ofis da ba kowa ya san sunansa ba ya fi kowane kati muhimmanci ga ɗanka. In yana samun kuɗi daga baitulmali yana biya cikin wata biyu ko uku, za ka ga magani ya dawo kanta. In ba ya samu, sunan ofis ne kawai ya sake.

Ragin 2024 ya shafe ka kai tsaye tunda yaron ya wuce biyar. Ya taɓa kuɗin ganin likita, kwanciya, awo, hoto da aikin tiyata a asibitocin gwamnati, an mayar da haihuwa kyauta, an kuma soke jikka 150 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara musu. Ga mai zuwa asibiti sau da yawa a shekara kamar ku, wannan ragi ba ƙarami ba ne. Sai dai bai shafi abin da ka saya a farmasin waje ba, bai shafi kuɗin mota ba. Kuma akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba: manyan asibitoci da tallafin gwamnati da kuɗin da suke karɓa a taga suke rayuwa. In an rage na taga da rabi, dole tallafin ya ƙaru ya cike giɓin, kuma ya zo a kan lokaci. In bai zo ba, awon da aka rage wa kuɗi sai a ce maka babu sinadari, ka tafi ɗakin awo mai zaman kansa ka biya ninki. Saboda haka kada ka auna gyaran da allon farashi da aka manna a bango. Ka auna shi da yawan layukan ordonas da kake fita da su waje.

Abin da ya fi damuna a tsarinmu shi ne katangar shekara biyar. An gina ta ne don cututtukan da suka fi kashe ƙanana: zazzaɓi, gudawa, ciwon haƙarƙari, tamowa. Wannan daidai ne. Amma cututtukan da ke bukatar ƙwararru da yawansu bayan biyar suke tsananta. Mai sikila yana girma da ciwonsa, haɗarin shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙashin ƙugu suna gaba. Ciwon zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa. Haka ciwon suga na yara mai bukatar allurar insulin kullum, da farfaɗiya, da kumburin ƙoda, da kansar da ke kumbura muƙamuƙi. Duk waɗannan yara ranar da suka cika biyar doka ta sake su, alhali lokacin ne kashe kuɗi ke farawa. A Ghana, inshorar ƙasa da aka kafa a 2003 ta yafe wa 'yan ƙasa da 18 kuɗin shekara. Ban ce baitulmalinmu zai iya ɗaukar dukan yara har 18 gobe da safe ba. Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a zaɓi cututtuka kaɗan masu daɗewa, sikila a kan gaba, a ce mai su ya ci gaba da samun kulawa kyauta har ya kai 15, a ware kuɗinsu daban. Ra'ayina ne wannan, ba doka ba.

Za ka ji kuma ana maganar asusun taimakon juna na gari ko na ƙungiya, kowa ya zuba kaɗan a shekara. Mutanenmu sun san adashi, matan Mata Masu Dubara sun nuna tun 1991 cewa ana iya riƙe akwati da amana. Amma inshora ba adashi ba ce, don ba kowa ke kwasa ba, kuma ana so masu lafiya su fi marasa lafiya yawa a ciki. In shiga ganin dama ce, wa zai fara zuwa? Kai da irinka, masu yaro a kwance. Mai 'ya'ya lafiyayyu zai ce bari sai an ga hali. Akwatin mutum ɗari biyu ko uku kuwa tiyata biyu sun isa su kwashe shi. Shi ya sa ƙananan asusu kusan duka suke sa iyaka: suna biyan CSI, wataƙila da asibitin gunduma, su cire ciwo mai daɗewa da babban asibiti. Ruwanda ta kai nata har asibitocin ƙwararru, marar lafiya ya biya kashi 10 cikin 100, amma sai da ta mayar da shiga dole, ta haɗa akwatunan wuri guda, gwamnati ta biya wa matalauta. Ba tare da waɗannan ba, katin ƙaramin asusu a ƙofar gunduma yake tsayawa.

Sai hanya. Daga Gure zuwa Damagaram ya haura kilomita 150, kada ma a yi zancen Tasker. Gundumomi da dama sun ɓullo da dabarar ƙara dala ashirin a kan kowane ganin likita, a tara a riƙa zuba wa ambilas mai, kuma inda aka riƙe kuɗin da gaskiya ya ceci mata masu naƙuda da yara da yawa. To amma wannan na gaggawa ne. Tafiyarku Yamai, kusan kilomita 900, wuni cur a mota, ba ta ciki. Kuɗin motar mutum biyu ko uku zuwa da dawowa, abinci, wurin kwana in ba ku da ɗan'uwa a can, ga shago a rufe kwana da kwanaki. Sau da yawa wannan lissafin ya fi na asibitin kansa, kuma shi ke sa uba ya ninke takardar turawa ya sa a aljihu ya koma gida.

Kati kuma ba ya haifar da likita. Mu a nan mun fi wasu jahohi sa'a: muna da asibitin ƙasa na Damagaram, da cibiyar kula da uwa da yaro, ga sashen koyon aikin likita a Jami'ar André Salifou. Duk da haka cibiyar ƙasa ta masu sikila a Yamai take, haka cibiyar kansa da ta soma gashi da haske a 2021. Duk lokacin da aka sauƙaƙa kuɗi ba a ƙara ma'aikata ba, layi ne ke tsawo, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da zazzaɓi da tamowa ke cika ɗakunan yara har a kwantar da biyu a gado guda.

In ka duba inda ɗan talaka ya fi samun kulawa mai zurfi a yankinmu, za ka ga wani abu. Sashen yara na Magarya da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa wa, inda ta fara aiki tun 2005. Aikin ƙungiyoyin agajin lafiya ALIMA da BEFEN a Mirriya. Cibiyar Sentinelles a nan cikin gari mai kula da yaran da cutar noma ta ci wa fuska. Asibitin CURE a Yamai, da aka buɗe a 2010, mai gyaran karkatacciyar ƙafa da tsagaggen leɓe da tabon ƙuna. Ba wanda ke tambayar kati a waɗannan wurare. Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin aiki yana hannu tun kafin yaro ya iso, kuma galibi ana lissafa abincin mai jinya a ciki. Rauninsu a fili yake, kuɗin daga waje yake zuwa, ran da mai bayarwa ya juya baya shi ke nan. Amma sun nuna abin da inshorar ƙasa za ta kwaikwaya in ana so ta kai yaro har sama.

Yanzu ga abin da ke hannunka. Ka koma wajen likitan yara ka tambaye shi ƙarara: mene ne ake so a yi a Yamai wanda ba a yi a nan? Wani lokaci awo guda ne, kamar hoton jijiyoyin kai da ake yi wa masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 don gano haɗarin shanyewar jiki. Wani lokaci shawarar fara maganin hidroksiyuriya ce, wanda ke rage yawan tashin ciwon amma yana bukatar awon jini a kai a kai. In tafiya ɗaya ce a tsara magani a dawo a ci gaba a nan, lissafin daban ne da zirga-zirgar kowane wata. Kada ka tashi ba tare da takardar turawa da sakamakon awon baya ba, in ba haka ba za a sake maka su da kuɗinka, kuma duk tsarin inshora da zai zo da wannan takarda zai riƙa aiki. In za ku dawo, ka roƙi likitan can ya rubuto wa na nan abin da ya gani.

Manyan asibitoci suna da ofishin taimakon marasa galihu, kuma ofishin magajin gari na ba da takardar shaidar rashin hali. Mutane da yawa kunya ke hana su zuwa. Ba kullum ake dacewa ba, don kuɗin wannan fanni kaɗan ne, amma gara ka buɗe fayil tun yaro yana kan ƙafafunsa, ba a fafe gora ranar tafiya. In yana da ƙanne, a gwada jininsu tun suna cikin shekarun kyauta, a kuma yi musu takardar haihuwa, don ita ce shaidar shekaru a kowace taga. Ranar da jikinsa ya yi zafi, ko ya ɗashe fat, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko numfashi ya yi wuya, ko hannu ko ƙafa ta saki, kada ka tsaya neman wata takarda, ka wuce asibiti ko da tsakar dare ne.

In kuma wani ya zo shago yana tallar kati, na kamfani ne ko na ƙungiya, ka sa ya nuna maka a rubuce ko suna karɓar yaron da ya riga ya kamu da ciwo kafin shiga, da wata nawa za ka jira kafin katin ya fara aiki, da iyakar abin da suke biya a shekara. Ka tambayi sunayen asibitocin da suka yi yarjejeniya da su, da ko maganin da aka saya a farmasin waje yana ciki. Daga nan ka je tagar biyan kuɗi ta asibitin da suka ambata, ka tambayi mai karɓar kuɗi ko har yanzu suna amsar wannan kati. In kana tunanin Kano ne, tunda ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, ka sani ragin 2024 da duk wata takardar gwamnatin Nijar a kan iyaka suke tsayawa, can da naira za ka biya komai.